Askirim da Ƙanƙarar Leda a Yammacin Zamfara

Askirim haɗi ne na madara da sukari da kayan ƙamshi, wanda ake daskarar da shi ana juyawa. Juyawar ce ke hana ƙanƙara taruwa manya-manya, ita ce kuma ke cusa iska cikin haɗin, har takan kai kusan rabin abin da ke cikin kofi a wasu nau'o'in na kamfani. Sukari ma yana da aiki ban da zaƙi, domin yana hana ruwan madarar daskarewa gaba ɗaya, shi ya sa cokali ke shiga. A Amurka aka sauƙaƙa aikin yin askirim. A 1843 wata mata mai suna Nancy Johnson ta yi rajistar injin hannu da ake kewaye shi da ƙanƙara da gishiri, a 1851 kuma Jacob Fussell, wani mai sayar da madara a Baltimore, ya fara yin askirim na kasuwa da yawa. A Najeriya, kamfanin Fan Milk da ya kafa masana'anta a Ibadan a farkon shekarun 1960 shi ne ya saba wa mutane da mai keke da farin akwati da ham.

A Anka da Gummi da Bukkuyum, wannan askirim na kamfani baƙo ne tun asali. Yana buƙatar sanyin digiri 18 ƙasa da sifili tun daga masana'anta har hannun mai saye, a yankin da zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, kan kai digiri 40. Dole ya biyo hanya mai nisa, ta Gusau zuwa Anka, a wuce Daki Takwas kafin a isa Gummi, sannan ya sami firizar da wuta ba ta yanke mata ba. Idan ya narke a hanya aka sake daskarar da shi, sai laushin ya tafi, a ji shi da tsaki-tsaki a harshe.

Saboda haka abin da akasarin yaran yankin suka tashi da shi na gida ne. Matan aure da ke da firiza sukan dama zoɓo, ko tsamiya, ko kunun aya, ko madarar gari da sukari da kala, su ɗura a ƙananan ledoji su ƙulle, su jera su kwana. Da safe a zuba a kula a ɗora wa yarinya, ta nufi ƙofar makarantar boko lokacin tara, ko bakin Islamiyya da la'asar, ko tasha ranar kasuwa. Yadda ake shan sa ma kusan iri ɗaya ne ko'ina. Yaro ya ciji kusurwar leda ya tofar, ya riƙa tsotsa yana sauya hannu don sanyi, abokinsa na gefe yana cewa “ɗan sam mini”. Zaƙi da kala su ne ke fara fita, daga ƙarshe a bar farar ƙanƙara marar ɗanɗano, ita ma a taune ta. Jan harshe kan tona asirin wanda aka aika sayen magi ya taɓa canji.

Sanyin ne ainihin abin sayarwa a nan. Ƙasar fura da nono ba ta rasa madara ba, randa da tulu kuma sun daɗe suna sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowar da iska ke busarwa a jikinsu, amma randa ba ta yin ƙanƙara. Ana ganin haka ƙarara idan azumi ya faɗo a bazara, kamar a 2022 da 2023, lokacin da ƙanƙara kan yi tsada dab da buɗa-baki. Ranar Sallah kuwa, kuɗin barka da Sallah da yawa a akwatin mai askirim suke ƙarewa. A 'yan shekarun nan firizoji masu aiki da sola sun kai sana'ar garuruwan da wutar lantarki ba ta zama.

Akwai dalilan da ke sa babba ya ci gaba da son abin har ya yi furfura. Yara sun fi manya son zaƙi mai ƙarfi, kuma sashen ƙwaƙwalwa da ke karɓar ƙamshi yana da alaƙa ta kusa da sassan da ke riƙe tunani da motsin rai, don haka ƙamshin banila ko na zoɓo mai citta kan dawo da wuri da mutanen da aka sha tare da su. Ƙarancin abin ma ya taimaka, domin abin da ake samu sai ranar kasuwa ko ranar Sallah ya fi zama a rai. Ɗan Gummi da ke aiki a Abuja, inda shagunan askirim ke da ɗanɗano iri-iri, ba abin mamaki ba ne a ji ya ce na leda ya fi masa.

Iyaye kan hana yara shan sanyi don tsoron mura da zazzaɓi. Mura ƙwayar cuta ce ke kawo ta, zazzaɓin cizon sauro kuma sauro ne ke yaɗa shi, ciwon kan da ke sarar mutum idan ya haɗiyi sanyi da gaggawa kuwa yakan wuce cikin ɗan lokaci. Haɗarin gaske yana cikin ruwan da aka yi haɗin da shi. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin taifod da na gudawa, tana ajiye su ne kawai. Mai yi a gida ya kamata ta tafasa ruwa, ta wanke hannu da sabulu, kada ta hura leda da baki don buɗe ta, kada kuma ta mayar da kwantai mai madara firiza bayan ya wuni a rana. Na kamfani a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, a kuma guji ledar da ta kumbura ko wadda ta daskare a karkace, domin alamar ta taɓa narkewa ce.