Kakuri, Unguwar da Masaƙa ta Rena

 Yau ƙetaren gada za mu. In ka baro filin wasa na Ahmadu Bello, ka haye Kogin Kaduna ka miƙe kudu, tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce za ta fara tarbar ka, daga nan sai Kakuri da Makera.

Asalin wurin nan ƙasar Gbagyi ce, gonaki da 'yan ƙauyuka. Layin dogo ya fara kawo baƙi, suka ƙaru bayan Turawa sun dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Amma masaƙa ce ta mayar da shi gari. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta su Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Nortex ta biyo baya, sai Arewa Textiles da Japanawa suka sa hannu a ciki. A 1964 wani ɗan kasuwar Sin mazaunin Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafa UNTL, wadda ta zo ta kere wa sauran girma.

Wanda ya ga Kakuri a lokacin canjin aiki ba zai manta ba. Jiniya na busawa, ƙofa na buɗewa, sai kekuna su malalo titi kamar an ɓalle dam. Ga burbushin auduga fari fat a gashin ma'aikata, ga masu koko da ƙosai sun jeru a bakin ƙofa, bashi ake ci sai ƙarshen wata. Audugar Funtuwa da Gusau ake saƙawa. A gidan haya guda kuwa, Bakatsine na ɗaki ɗaya, Bajju na kusa da shi, Tibi da Bayarabe na fuskantar su, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. A Arewa Textiles ɗin nan Adams Oshiomhole ya fara gwagwarmayar ƙwadago.

Wasu masana'antun suka zo suka tarar: DICON mai ƙera makamai a 1964, Peugeot a 1975. Matatar mai ta 1980 kuma ta ja gari har bayan Sabon Tasha.

Sai abubuwa suka juya. Wuta ta ƙi tsayawa, baƙin man da ake hura tukunyar injin da shi ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri mai araha ta cika kasuwar Kantin Kwari, akasarinta daga Sin ɗin da mai UNTL ya fito. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Tsofaffin ma'aikata da dama sun koma ga Mahaliccinsu suna jiran kuɗin sallama, abin da har yau yake ci mini rai.

Rikicin 2000 da na 2002 kuma suka raba maƙwabta. Musulmi da yawa suka tattara suka koma arewacin kogi, Kirista suka gangaro Narayi, Sabon Tasha da Unguwar Romi. Ana cewa addini ne, haka ne, amma a ganina zaman banza ya share wa wutar hanya.

Yau in ka bi ta ƙofar KTL, ciyawa ce ke leƙowa ta kan katanga, 'yan acaɓa na fakewa a inuwarta. Tambayi mai furfura a cikinsu, wataƙila ya gaya maka sashen da ya yi aiki, da lambar injinsa.