Dokokin Tuƙa Motocin Daji a Titiwangsa, Maleshiya

A arewacin tsakiyar birnin Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar Maleshiya, akwai unguwa mai suna Titiwangsa. An fi saninta da wani tafki wanda asalinsa ramin haƙar kuza ne, daga baya aka ƙawata kewayensa, aka mayar da shi wurin shaƙatawa. Sunan nan kuma shi ne na jerin duwatsun da suka ratsa tsakiyar ƙasar daga arewa zuwa kudu, tsawon kimanin kilomita 480. Wanda ya tashi daga bakin tafkin ya nufi duwatsun zai taka wurare iri uku: lambun shaƙatawa, da titin kwalta, da gandun daji. Kowannensu yana da dokarsa da hukumar da ke kula da shi. A wannan darasi za mu duba abin da dokokin suka tanada game da ababen hawan da aka ƙera domin shiga daji.

Mece ce motar daji?

Idan an ce motar daji, ana nufin abin hawan da aka yi domin bin turba mai laka ko yashi ko duwatsu. Sun kasu kashi uku. Na farko shi ne mota mai ja da ƙafa huɗu, irin su Land Rover da Hilux. Na biyu shi ne babur ɗin tsere mai dogayen ƙafafu da taya mai haƙora. Na uku kuwa shi ne babur mai ƙafa huɗu, wanda ake kira ATV, mai sitiyari irin na babur da tayoyi masu kauri. Mutane da yawa suna zaton tun da waɗannan ababen hawa suna iya shiga ko'ina, to an yarda su shiga ko'ina. Ba haka abin yake ba. Doka tana duban wurin da tayar take tsaye, sa'an nan ta tambayi takardun da suka dace da wurin.

A kan titi

Babbar dokar da ke tafiyar da harkar tituna a Maleshiya ita ce Dokar Sufurin Hanya ta 1987. Hukumar sufurin hanya, wadda aka fi sani da JPJ, tare da 'yan sanda, su ke tabbatar da ana bin ta. Dokar ta gindaya sharuɗɗa huɗu kafin abin hawa mai inji ya hau titi: a yi masa rajista ya sami lamba, a biya kuɗin lasin hanya, ya kasance da inshora, kuma direbansa ya mallaki lasin tuƙi. Ba a ba da lasin babur sai ga wanda ya kai shekara 16, na mota kuma sai 17. Tun 1973 aka kafa dokar sa hular kwano ga masu babur.

Motoci masu ja da ƙafa huɗu ba su da matsala a nan, domin ana yi musu rajista kamar sauran motoci. Sai dai idan mai mota yana son yi mata babban sauyi a jiki ko a inji, wajibi ne ya nemi amincewar hukuma. Babur mai ƙafa huɗu shi ne ke faɗuwa tun daga sharaɗin farko. Hukumar ba ta yi masa rajistar hawa titi, saboda ba a ƙera shi bisa ƙa'idojin titi ba. Tayoyinsa na laka ne, ba sa riƙe kwalta sosai, kuma yana da saurin kifewa idan aka sha kwana da gudu. Haka ma babur ɗin tseren da ba shi da fitila da madubi da lamba. Wanda zai kai irin waɗannan daji sai ya ɗora su a bayan a-kori-kura ko tirela.

Ya kamata a lura da cewa ma'anar kalmar "hanya" a dokar tana da faɗi. Ta haɗa da titin gwamnati da duk wata hanyar da jama'a ke da damar bi. Saboda haka mutum ba zai kare kansa da cewa lungun unguwa kawai ya bi ba.

Batun inshora ne ya fi nauyi. A ɗauka wani saurayi ya ari babur mai ƙafa huɗu, ya fito kan titin Jalan Pahang, ya buge mai tafiya a ƙasa. Tun da babur ɗin ba shi da inshorar titi, babu kamfanin da ya yi alkawarin biyan kuɗin asibiti ko diyya a madadinsa. Ga hukuncin kotu, ga kuma haƙƙin wanda aka ji wa rauni.

A lambun shaƙatawa

Lambun tafkin Titiwangsa yana ƙarƙashin hukumar birnin Kuala Lumpur, wato DBKL. Wuri ne na masu tattaki da masu sassarfa da iyalai da ƙananan yara, kuma ana ba da hayar kekuna. Motoci suna da wuraren ajiyewa, ba a shiga da su kan ciyawa ko kan hanyar masu tafiya a ƙasa. A nan ƙa'idojin hukumar birni da allunan da ta kakkafa su ne abin bi.

Akwai wani misali da ke nuna bambancin lambu da titi. Daga ranar 17 ga Disamba, 2021, gwamnati ta haramta hawa titi da wasu ƙananan ababen hawa, ciki har da 'yar ƙaramar sukuta mai lantarki da ake tuƙawa a tsaye, amma haramcin bai shafi keken da aka saba da shi ba. Ke nan abin da hukumar birni za ta iya ware wa fili a cikin lambu yana iya zama laifi da zarar ya ƙetare ƙofa ya hau kwalta.

A gandun daji

Tsarin mulkin Maleshiya ya sa filaye da dazuzzuka a hannun jihohi. Dazuzzukan da ke gefen Kuala Lumpur, kamar na yankin Hulu Kelang inda ake hayar babura masu ƙafa huɗu a ƙauyen Kemensah, suna cikin jihar Selangor. Dokar Gandun Daji ta Ƙasa ta 1984 ta hana shiga keɓaɓɓen daji ba tare da izini ba, ta kuma tanadi takardar izini ta musamman ga mai son bin hanyoyin dajin da mota. Lasin tuƙi da lambar mota ba sa maye gurbin wannan takarda.

Dalilan a bayyane suke. Ƙasar tana da ruwan sama mai yawa, tayar mota kuma tana yanka turba, ruwa ya bi sawun ya zaizaye ƙasa, laka ta gangara cikin kogunan da birane ke sha. Duwatsun Titiwangsa mazauni ne ga al'ummar Orang Asli, 'yan asalin ƙasar, da giwaye, da damisar Malaya wadda ƙidayar 2016 zuwa 2020 ta nuna ba ta kai 150 ba. Duk da haka ba a hana wasan gaba ɗaya ba. A 1997 aka fara gasar motocin daji ta Rainforest Challenge a ƙasar, kuma irin wannan gasa da izinin hukuma ake shirya ta.

Idan muka waiwayo ƙasar Hausa, tsarin bai yi nisa da wannan ba. A Nijeriya hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana kula da manyan hanyoyi, jihohi kuma suna da nasu dokokin, kamar yadda Kano ta hana acaɓa a 2013, dajin Falgore kuwa yana da nasa ma'aikatan. Ɗalibin da ya sami kansa baƙo a wata ƙasa, kafin ya karɓi makullin haya, ya tambaya: filin nan na wane ne, wa ke ba da izini, kuma wa zai biya idan an yi haɗari? Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi

1. Kawo sharuɗɗa huɗu da ake cikawa kafin abin hawa ya hau titi a Maleshiya.
2. Me ya sa ba a yarda babur mai ƙafa huɗu ya hau titi ba?
3. Wane lahani tayar mota take yi wa daji?
4. Yi amfani da "saboda haka" da "duk da haka" ka gina jimla biyu-biyu.