Kafin a zargi gita, a binciki ɗaki

Jama'a masu karatu, da yawa daga cikinmu muna da ɗa ko ƙane a gida wanda ya rungumi kiɗan gita, irin wadda ba a haɗa ta da lantarki. Yaro zai zauna a ɗaki ya kaɗa, kunne ya ji daɗi. Amma da ya ɗauki kiɗan a salula ya kunna, sai ka ji kamar daga cikin rijiya yake fitowa. Daga nan sai ya nufo rumfar uwa ko shagon uba, wai a ba shi kuɗin sabon makirfo ko na zuwa sitidiyo a Yamai. Kafin uwa ta kwance bakin zane, ya kamata mu san inda matsalar take, domin sau da yawa laifin ɗaki ne.

Sauti yana gudun kusan mita 340 a daƙiƙa guda. In ya bar gita ya daki bangon siminti, ɗaɓe ko rufin kwano, ba ya nutsewa, dawowa yake yi kamar ƙwallo. Bangon da ke nisan mita 2 yana maido da shi cikin kusan kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Kunnen ɗan Adam ya iya tace wannan amsa-kuwwa, amma makirfo ba ya zaɓe, duk abin da ya iso gare shi kwashewa yake yi. Shi ya sa sabon ɗaki mai sumul wanda babu kaya a ciki ya fi kowane ɓata kiɗa, ɗakin laka mai rufin ciyawa kuwa yakan fi shi daɗin sauti.

Gwajin ba ya cin ko dala. A tsaya cikin ɗaki a tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In an ji tafin ya ja wutsiya yana ƙara kamar an bugi kwano, to ɗakin yana son gyara.

Maganin kuwa yana cikin hajarmu ta kasuwa. A shimfiɗa darduma mai kauri a ƙasa. A jingina katifa a bangon da ke bayan mai kiɗa, a rataya barguna a gefe, a bar ɗan fili tsakaninsu da bango. Dilar gwanjo ko buhun tufafi a kusurwa yana rage rugugin da ke taruwa a wurin. Kauri ake nema: siririn zane ƙaramar ƙara kawai yake shanyewa, ya bar mai nauyin. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango kuwa amfaninsa kaɗan ne ƙwarai, ga shi abincin wuta.

Sai wurin aje makirfo ko salula. Kuskuren da aka fi yi shi ne a saita shi daidai ramin gita, inda sauti ke fitowa da kumburi. A matsar da shi wajen da wuyan gita ya haɗu da gangar jikinta, nisan kamar taƙi guda, wato santimita 20 zuwa 30. Gwargwadon kusancinsa da gita, gwargwadon yadda kiɗan ke rinjayar amon ɗaki. Kada a zauna tsakiyar ɗaki cif, kada kuma a maƙale a kusurwa. A ɗauki minti guda a saurara, a gusa kaɗan a sake, har a dace.

Sai dai mu sani, bargo ba ya hana ƙarar injin niƙa ko ta kabu-kabu shigowa. Wannan sai an zaɓi lokacin da unguwa ta yi tsit, a kashe fanka da firigo, a rufe layin salula don kada kira ya katse aiki.

Masu ganin sai da kayan miliyoyi ake yin suna, su dubi jaharmu ta Tawa. A 2016 ne kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da faifan farko na ƴan matan Illighadad, wani ƙauye na yankin Abalak, inda Fatou Seidi Ghali ta kaɗa gita a sararin Allah, babu bangon da zai maido da sauti. Daga baya har Turai da Amurka suka yi wasa. Shi ma Mdou Moctar, waƙoƙin da ya ɗauka a Sakkwato a 2008 ta salula zuwa salula suka bazu, kafin duniya ta san shi. Wanda ɗakinsa ya gagara, sai ya fita tsakar gida ko bayan gari, ya kiyayi iska kawai, don tana hura makirfo.

Wannan dabara ba ta makaɗa kaɗai ba ce. Mai tuwo-tuwo, mai atamfa ko mai turaren wuta da ke ɗaukar muryar talla ta tura ta WhatsApp, ita ma ta shiga tsakanin tufafi, ta matso da salula kusa da baki, za ta ji bambanci.

Saboda haka in yaro ya zo da maganar kuɗi, a fara ba shi aron katifa da bargo. In kiɗan ya gyaru, jari ya tsira. In kuwa bai gyaru ba, sai a duba tsirkiya da hannun mai kaɗawa. Allah ya ba da kasuwa, ya shirya mana zuri'a.