Ko Kun Sani? Maganin Wani Kan Kai Ga Ɗan Tayi Ta Ruwan Sha

Metformin, maganin ciwon suga, yana fita a fitsari yadda aka sha shi, kuma yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi. Binciken Jami'ar York na 2022 a koguna 258 na ƙasashe 104 ya same shi cikin magungunan da aka fi tararwa a ruwa. Za a ce ai abin da ke cikin ruwan ɗan mitsitsi ne. Gaskiya ne, bai kai ƙwaya guda ba ko kusa. Amma idan masai ya tsiyaya cikin rijiya a Shinkafi, ko cikin Gulbin Gagare, mai ciki wata tara za ta yi tana sha, tafasawa kuwa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta fitar da magani.