Wa Ke Jan Mutane a Bakin Teku?

Ga kacici-kacici: ba shi da baki, ba shi da haƙori, amma yana haɗiye ƙato da rana tsaka. Mene ne?

Mu mazauna Abuja, iyakar ruwanmu Tafkin Jabi da madatsar Usuma. Amma da Disamba ta kama, iyalai kan nufi Legas, bakin tekun Elegushi ko Tarkwa Bay. Can ake jin labarin: saurayi ya shiga ruwa iya ƙugu, gwanin iyo ne, kafin a ankara ya yi nisa. Wa ya ja shi?

Wanda za a fara zargi shi ne kifin shark. Tsoronsa ne ma ya sa jihar New South Wales ta Ostireliya ke tura jirage marasa matuƙa su yi sintiri a saman gaɓa. Sai dai ƙididdigar gidan tarihin Florida ta nuna harin da yake kaiwa ba tare da an tsokane shi ba yana kashe kimanin mutum 6 ne a shekara, duk duniya. Wanda muke nema ya fi haka ɓarna. Kuma ba ya barin tabo.

To, 'yan ruwa ne? Haka ake raɗe-raɗi. Amma ɓarawon nan yana barin sawu. Daga sama ana hango shi.

Dubi inda farar kumfa ta rabu biyu. Ga wani zirin ruwa mai duhu, ya kwanta luf. Nan ne.

Ruwan ne da kansa! Igiya tana ta tara ruwa a gaɓa, shi kuwa dole ya koma. Sai ya sami giɓi a tudun yashin ƙarƙashi, ya kwarara ta ciki kamar kogi a tsakiyar teku. Gudunsa kan kai mita 2 da rabi a daƙiƙa, ya fi ƙarfin zakaran iyo na Olamfik. A Amurka kaɗai yana cin rayuka kusan 100 a shekara. Ba ya danna mutum ƙasa, nesa yake kai shi. Firgici da gajiya su ke ƙarasa aikin. Abin takaicin, lumanarsa ce ke yaudarar baƙo, ya zaɓi wurin don ya ga babu igiya.

In ya kama ka, kada ka yi kokawa da shi. Kwanta rigingine, ɗaga hannu a gan ka, sannan ka yi iyo gefe, kana bin tsawon gaɓa, domin zirin ba shi da faɗi. Don Allah, koya wa yaranka wannan tun kafin ku kama hanya.