Hans Küng: Shin ya kauce wa aƙidar Katolika?

A watan Disambar 1979 ne Fadar Vatican ta fitar da sanarwar da ta girgiza jami'o'in Turai. Ta ce Farfesa Hans Küng, limamin Katolika ɗan ƙasar Siwizalan da ke koyarwa a Jami'ar Tübingen ta Jamus, ba zai ƙara koyar da ilimin tauhidi da sunan cocin ba, domin rubuce-rubucensa sun kauce wa cikakkiyar aƙidar ɗariƙar.

Küng ɗan gida ne a cocin. Yana cikin masanan da suka ba da shawara a Babban Taron Vatican na Biyu, daga 1962 zuwa 1965, tare da Joseph Ratzinger, wanda daga bisani ya zama Fafaroma Benedict na 16.

Tushen taƙaddamar shi ne ma'asumancin Fafaroma. Tun a 1870 Babban Taron Vatican na Farko ya tabbatar cewa idan Fafaroma ya yanke hukunci a matsayinsa na shugaban dukkan Ikilisiya kan abin da ya shafi imani ko ɗabi'a, Allah yana kare shi daga kuskure. A littafin da ya wallafa a 1970, Küng ya musanta hakan. A ganinsa, Allah yana riƙe Ikilisiya a kan gaskiya a dunƙule, amma kowace magana da ta fito daga bakin ɗan Adam, ko Fafaroma ne ko taron bishop-bishop, tana iya ɗaukar kuskure.

Batu na biyu ya fi na farko nauyi. Hukumar kula da aƙida ta Vatican ta zarge shi da raunana koyarwar Taron Nicaea na shekarar 325, wadda ta ce Yesu Almasihu da Uba zatinsu ɗaya ne. A nan Katolika da 'yan Otodoks da akasarin Furotesta bakinsu ɗaya, saɓanin ma'asumancin Fafaroma, wanda Katolika kaɗai ke riƙe da shi. Küng ya ƙi amincewa da zargin, yana mai cewa tsohuwar aƙidar yake fassarawa da harshen da mutanen zamani za su fahimta.

To, ya fita daga aƙidar ke nan? Kan ma'asumanci, saɓanin a fili yake, shi kansa bai ɓoye ba. Kan Almasihu kuwa, masana na ci gaba da jayayya. Abin lura shi ne iyakar hukuncin: izinin koyarwa aka karɓe, ba a kore shi daga cocin ba, ba a kuma tuɓe masa rigar limanci ba. Jami'ar ta bar masa kujerarsa ta farfesa a wajen tsangayar tauhidin Katolika har ya yi ritaya a 1996.

A 2005 Fafaroma Benedict ya karɓi baƙuncinsa, suka tattauna ba tare da taɓo batutuwan saɓanin ba. Küng ya rasu a Afrilun 2021 yana da shekara 93, yana limamin Katolika, ba tare da an mayar masa da izinin ba.