Daren da taurari suka zubo, a ɗinkin Harriet Powers

Yau za mu leƙa jihar Jojiya ta Amurka, wurin Harriet Powers, wadda aka haifa cikin bauta a 1837, ta rasu a 1910. Abin da ya rage daga aikin hannunta barguna biyu ne, irin waɗanda ake harhaɗa ƙyallaye a ɗinke, ɗaya a Smithsonian da ke Washinton, ɗaya a gidan kayan fasaha na Boston.

Na Boston gida 15 gare shi, kowane gida da labarinsa. Ku tsaya da ni a kan guda ɗaya: daren 13 ga Nuwamba 1833, da taurari suka yi ta zubowa har mutane suka zaci tashin duniya ya zo. Ku lura, 1833. Ba a ma haifi Harriet ba sai bayan shekara 4. A bakin manya ta ji, ta riƙe shi shekaru, sannan ta yanka ƙyalle ta fitar da mutane, hannuwansu a sama. Ni a ganina a jikin mutanen nan labarin yake. Da taurarin kaɗai ta ɗinka, da ado ne kawai za mu gani. Hannuwan nan da aka ɗaga su suka shigo da tsoro cikin bargon.

Wani zai ce siffofin ba su da wata fuska ta a zo a gani, kuma ba don bayanin da aka rubuta ba, wa zai san labarin? Akwai gaskiya a nan. Lokacin da talauci ya sa ta sayar wa malamar zane Jennie Smith bargonta na farko, ta nemi dala 10 aka ba ta 5, sai da ta bi gidajensa 11 ɗaya bayan ɗaya tana bayani, malamar tana rubutawa. Amma bayani rana da suna yake bayarwa. Firgitar mutum kuwa, ko wanda bai san Jojiya ba zai gane ta daga tsayuwarsa, domin jikinsa ya taɓa yin irinta.

Mai zane Faith Ringgold ta bi wannan hanya ta ba da labari a jikin bargo a 1988 da bargonta Tar Beach, inda yarinya ke shawagi a saman unguwar Harlem, Faith kuwa sai ta rubuta labarin a gefen ƙyallen da kanta.